Gyaran Hoto da Amanar Shaida

Hoto ɗaya tak muke da shi na kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta da rahama, shi ma ba a gidan mai hoto aka ɗauke shi ba, wani daga cikin jikokinta ne ya ɗauka da ƙaramar wayar hannu a daren jajibirin Salla, tana zaune a bakin ɗakinta tana jan carbi, babu wani haske a tsakar gidan sai na fitilar ƙwai da aka ajiye a kan turmi. Saboda ƙarancin hasken nan sai hoton ya fito cike da ɗige-ɗige, waɗansu ja, waɗansu kore, waɗansu shuɗi, kamar an barbaɗa masa tsaki, har in mutum bai san ta ba sai ya daɗe yana kallo kafin ya rarrabe mayafinta da bangon da ke bayanta. Amma mu da muka san ta, ko a cikin wannan hazo muna ganin tsagar Gobirawa da ke kumatunta, muna ganin yadda take ɗan karkatar da kai in tana sauraro, kuma shekara da shekaru hoton nan yana yawo daga waya zuwa waya a cikin dangi, babu wanda ya taɓa kuka da shi.

Ran nan ɗan ƙanwata, yaro mai hankali da ke karatun kwamfuta, ya zo gaishe ni, ya ga hoton, ya ce, "Kawu, ka ba ni shi in wanke maka, akwai manhajar da ke share wannan dattin duka." Na ba shi da farin ciki. Kafin la'asar ya dawo da hoto mai haske, tas da shi, idanu sun fito, zaren mayafi ya fito, fata ta yi sumul kamar an shafa mata man kaɗanya, har ni kaina na yi ta sa masa albarka. Muka kai wa mahaifiyata, ta sa tabarau, ta duba, ta sake dubawa, sa'an nan ta miƙa wa jikan nata wayarsa ta ce, "Maigida, wannan tsohuwa kam kyakkyawa ce, amma ba Inna ba ce." Sai a lokacin na lura cewa tsagar kuncin hagu ta ɓace ƙaf, ta dama kuma ta koma wata 'yar inuwa, bakin ma ya ɗan sake fasali, ya zama bakin da za a iya samu a fuskar kowace tsohuwa.

Tun daga ranar mas'alar take cina a rai, domin yaron nan bai yi nufin ƙarya ba, niyyarsa kyautatawa ce tsantsa, bai zana kome da hannunsa ba, bai goge kome da gangan ba, amma duk da haka abin da ya fito daga hannunsa ya faɗi abin da ba haka yake ba a kan baiwar Allah wadda ba ta da bakin da za ta musa. Ba ina nufin in shiga saɓanin malamai a kan hukuncin hoto kansa ba, wannan fage ne da magabata da na baya suka yi magana a cikinsa isasshiya. Tambayata ita ce, tun da hoto ya riga ya zama abin da mutane ke kafa hujja da shi a kotu da kasuwa da asibiti da jarida, har karin maganarmu ta gani ya kori ji ta koma kansa kacokan, shin ina iyakar gyara take, kuma daga ina gyara ke zama ƙari a cikin shaida? Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa, saboda haka wajibi ne mu fara sanin mene ne waɗannan ɗige-ɗige, daga ina kuma suke zuwa.

A cikin kowace kyamara ta zamani akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, wanda aka rarraba shi gida-gida har miliyoyi, kowane gida aikinsa ya ƙirga yawan hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi adadi. Asalin wannan hikima daga Willard Boyle da George Smith ne, waɗanda suka ƙirƙiro ta a Amurka a 1969, a 1975 kuma wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar farko a kanta, mai gida dubu goma kacal, wadda sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. To, shi haske, kamar yadda Einstein ya bayyana tun 1905, ba malalowa yake yi kamar ruwan kogi ba, zuwa yake ƙwaya-ƙwaya kamar ruwan sama, kuma duk wanda ya taɓa jera ƙoƙuna a tsakar gida lokacin yayyafi ya san cewa wani ƙoƙo zai sami ɗigo uku, na kusa da shi ya sami bakwai, alhali sama ɗaya ce a kansu, amma in aka yi mamako na rabin yini sai a tarar duk sun kusa daidaita. Masu lissafi sun ƙididdige wannan saɓani: gidan da rabonsa ƙwaya 100 ne yakan yi sama ko ƙasa da kamar 10, watau kashi goma cikin ɗari, wanda kuwa rabonsa 10,000 ne yakan kauce da kamar 100, watau kashi ɗaya cikin ɗari kawai. Wannan shi ne sirrin da ya sa hoton rana ke fita garau, na dare kuma ya fita da tsaki. A kan wannan sai a ƙara abin da na'urar kanta ke jawowa, domin zafin jikinta yana haifar da ƙirge na banza ko babu haske, wayoyin da ke karanta adadin su ma suna da ɗan kuskurensu, in kuma mai ɗauka ya ɗaga lambar da ake kira ISO don hoto ya yi haske, bai ƙaro ƙwayar haske ko ɗaya ba, murya kawai ya ɗaga, kamar mai ƙure rediyo a tashar da ke nesa, labari ya ƙaru shuu ɗin ma ya ƙaru. Daga fagen rediyo da tarho ne ma Turawa suka aro sunan da suke kiran abin da shi, wanda ma'anarsa hayaniya.

Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa a nan shi ne, galibin wannan hayaniya ba ƙura ba ce da ta kwanta a kan madubi, wadda in an sa tsumma an goge sai fuskar da ke ƙasa ta bayyana cikakkiya. Babu wani cikakken hoto da ke ɓoye a ƙarƙashin ɗige-ɗigen. Labarin ne bai iso duka ba, hasken da ya taso daga kuncin kakata a daren nan kaɗan ne, abin da ya iso faranti shi ne ya iso, sauran kuwa ya wuce har abada. Saboda haka kalmar wankewa da yarona ya yi amfani da ita, wadda kowa ke amfani da ita, tana ruɗarwa, domin abin da manhaja ke yi ba wanki ba ne, kintace ne, watau ta dubi abin da ya iso ta yi zaton abin da bai iso ba, kuma zato, kamar yadda almajiran fiƙihu suka sani, hawa-hawa ne, akwai mai rinjaye wanda shari'a ta yarda a yi aiki da shi, akwai kuma wahami wanda ba a gina kome a kansa.

Kada kuma wani ya yi garaje ya ce ashe duk taɓa hoto ƙarya ne, a bar shi yadda kyamara ta haife shi. Wannan magana ba ta tsayuwa, domin kyamara ba ta taɓa haihuwar hoton da ba a taɓa ba. Gidajen nan na faranti ba su san launi ba, sai da Bryce Bayer, shi ma na Kodak, ya tsara a 1976 a rufe rabinsu da tacen kore, rubu'i da ja, rubu'i da shuɗi, ta yadda kowane gida launi ɗaya yake gani daga cikin uku, sauran biyun kuwa daga maƙwabtansa ake kintato masa. Ashe ke nan kashi biyu cikin uku na launin kowane hoto da muke kallo lissafi ne, tun kafin wani ya buɗe manhaja. Idan haka ne, mas'alar ba ta taɓawa da rashin taɓawa ba ce, ta dalilin da aka dogara da shi ce wajen taɓawar.

Mafi ƙarfin dalili shi ne wanda masu ɗaukar hoton taurari suka daɗe suna aiki da shi, wayoyin zamani kuma suka ɗauka, kamar yadda kamfanin Google ya sa wa wayoyinsa a 2018 don hoton dare. Maimakon hoto ɗaya sai a ɗauki da yawa a jere na abu guda, a ɗora su bisa juna a fitar da matsakaici, domin abin da yake na gaskiya yana nan a wurinsa a cikin kowannensu, hayaniya kuwa kowane karo wuri dabam take faɗawa, sai ta cinye kanta da kanta. Hoto 4 yana rage ta zuwa rabi, 16 zuwa rubu'i. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ji ƙamshin tawaturi a nan, watau labarin da jama'a masu yawa suka kawo ta hanyoyi dabam-dabam har ya zama al'ada ba ta yarda a ce sun haɗu a kan ƙarya ba, kowannensu yana iya tuntuɓe, amma ba a dutse ɗaya ba. Har sharaɗin ma ɗaya ne, domin kamar yadda yawan masu ruwaya ba ya amfani in duk daga bakin mutum ɗaya mai rauni suka ɗauko, haka in wani gida a faranti lalatacce ne, kullum yana ba da ja ko babu ja, ko hoto dubu aka tara jan nan yana nan daram. Maganin da masu sana'ar suka samo wa wannan yana ba ni sha'awa ƙwarai: sai su rufe bakin kyamara ruf, su ɗauki hoton duhu tsantsa, duk abin da ya bayyana a cikinsa sun san daga na'urar yake ba daga duniya ba, sai su debe shi daga hoton gaske. Wannan shi ne aikin malaman jarhu da ta'adili, a san halin mai ruwaya tukuna, a san inda yake yawan kuskure, sa'an nan a san yadda za a karɓi maganarsa. Irin wannan gyara ban ga ƙura a kansa ba ko kaɗan, domin dukan hujjarsa daga abin da aka gani ne da kuma sanin aibin mai gani.

Amma mai hoto ɗaya, irin namu, ba shi da shaidu da yawa, sai manhaja ta koma ga ƙiyasi. Takan dubi kowane ɗigo ta gwada shi da na kewayensa, in ya fita dabam ta jawo shi ya yi kama da su, waɗansu hanyoyin kuma, kamar wadda Buades da Coll da Morel suka fitar a 2005, sukan nemo wurare masu kama da juna a ko'ina cikin hoton su sa su yi wa juna shaida. Wannan ma ijtihadi ne karɓaɓɓe matuƙar an san farashinsa, kuma farashin shi ne rariya ba ta san bambancin tsaki da ƙaramar tsaba ba, girma kawai ta sani. Silin gashi, da zaren saƙa, da tamoji, da tsagar fuska wadda shekaru tamanin suka sirantar da ita, duk ƙanana ne masu fita dabam da kewayensu, daidai da siffar abin da aka aiko rariyar ta kama. Shi ya sa gwanayen sana'ar suke rarrabe hayaniyar launi, wato jan nan da koren nan da kowa ya san babu su a fuskar mutum, wadda ake iya kwashewa da yawa ba a yi hasara mai yawa ba, da hayaniyar haske da duhu, wadda suke taɓawa da tsoro, domin a cikinta siffar abu take zaune, kuma a nan ne garin gyaran gira ake rasa ido.

Abin da ya sauya mas'alar ɗungum shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin wadda kamfanin DxO ya fitar a 2020 da wadda Adobe ya sa a Lightroom a 2023. Waɗannan an horar da su ne da ɗimbin hotuna, ana nuna musu mai tsaki da mai tsabta na abu guda har su koyi yadda ake komawa daga wannan zuwa wancan, saboda haka in ka ba su hotonka ba da shi kaɗai suke aiki ba, da duk abin da suka taɓa gani suke aiki. Ba na musun cewa sau da yawa aikinsu abin mamaki ne, masu taka-tsantsan daga cikinsu kuma suna ƙoƙarin tsayawa kusa da asali, amma waɗanda aka ƙera musamman don gyaran fuska, irin wadda yarona ya yi aiki da ita, in suka iske wurin da labari ya yanke ba sa barinsa fili, cikewa suke yi da abin da ya fi yawa a fuskokin da suka sani, kuma a fili yake cewa fuskoki masu tsagar Gobir ba su ne suka fi yawa a cikin abin da aka karantar da su ba. A watan Maris na 2023 wani mutum ya gwada wayar Samsung da wata dabara: ya ɗauko hoton wata ya dusashe shi da gangan har ramukansa suka ɓace, ya sa shi a allon kwamfuta a ɗaki mai duhu, ya ɗauke shi da wayar daga nesa, sai ga wata ya fito da ramuka da duwatsun da babu su a allon da aka ɗauka. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar tana gane wata, tana kuma ƙara masa bayyana da abin da ta koya daga hotunansa. A sha'anin wata abin da sauƙi, tun da fuska ɗaya yake nuna wa duniya kullum, mai kintace ba zai yi nisa da gaskiya ba. Ɗan Adam kuwa Allah bai yi biyu iri ɗaya ba, kuma abin da ya sa mutum ya zama shi, ba waninsa ba, yana cikin ƙananan abubuwan nan ne da matsakaici ke haɗiyewa.

Malaman hadisi suna da suna ga wannan, suna kiransa idraji, watau maganar mai ruwaya ta shige cikin matani ba tare da alamar da ke raba su ba, har mai ji ya ɗauka duk ɗaya ne, kuma Alhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, littafi guda ya wallafa don tsince irin waɗannan wurare. Abin lura shi ne mafi yawan idraji ba maƙaryata ne suka yi shi ba. Sananniyar ƙissa ce cewa Alƙali Sharik na Kufa yana cikin yi wa ɗalibai shifta, ya kawo isnadi ya ɗan dakata don su rubuta, sai wani bawan Allah mai yawan ibada, Sabitu ɗan Musa, ya shigo, da Sharik ya ga hasken fuskarsa sai ya yi wata magana ta yabo a kan yadda sallar dare ke ƙawata fuska da rana, shi kuwa Sabitu ya ɗauka wannan ne matanin isnadin da ya ji, ya tafi yana ruwaito shi a haka da zuciya ɗaya. Maganar mai kyau ce, mai faɗinta adali ne, mai ɗaukarta salihi ne, amma duk da haka malamai ba su yarda a jingina ta inda ba nata ba, domin a wurinsu kyawun magana dabam, ingancin jingina ta dabam. Haka fuskar da yarona ya kawo, kyakkyawa ce, mai yiwuwa ce, sai dai an jingina ta ga wadda ba tata ba.

Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu da masallatanmu, wanda ya rasu a Marrakesh a 544 bayan Hijira, ya yi magana a kan wannan a littafinsa Al'ilma'u, inda ya bayyana cewa al'adar mafi yawan shaihunai ita ce su kwafi littafi yadda ya iso musu ko da sun ga abin da suke zaton kuskure ne, su yi masa alama, su rubuta gyaran a gefe, ya kuma ambaci babban malamin Andalus, Abul Walid Alwaƙƙashi, wanda saboda faɗin iliminsa yakan yi ƙarfin halin gyarawa a cikin matani, sau da yawa ya dace, amma wani lokaci ya mayar da daidai kuskure. Magabatan nan suna da wata 'yar alama mai kama da kan harafin sadi da suke ɗorawa a kan kalmar da suke shakka, in kuma suka iske gurbi a asali sai su bar shi fari su rubuta cewa haka suka same shi. Sun fi mu iya cike gurbi, Larabcinsu ya fi na kowa, abin da ya hana su shi ne sanin cewa wanda zai zo bayansu yana iya fahimtar abin da ya shige musu duhu, in kuwa suka shafe asali sun rufe masa ƙofa.

Tarihin kimiyya ma ya gaskata wannan tsoro nasu. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata babbar na'urar sauraron sama a jihar New Jersey, wata 'yar hayaniya ta dame su wadda ta ƙi fita ko ina suka juya na'urar, har suka kori tantabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kankare kashinsu, hayaniyar tana nan, daga baya ta tabbata cewa saura ce ta zafin farkon halittar sammai, aka ba su kyautar Nobel a kanta a 1978. Ranar 14 ga Fabrairu 1990 kuma kumbon Voyager 1 ya waiwayo daga nisan kilomita kusan biliyan 6 ya ɗauki hoton duniya, duniyar nan da mu da kakanninmu da duk abin da muke taƙama da shi ba ta cika ko gida ɗaya na hoton ba, ɗigo ce mai fita dabam da kewayenta, irin wadda rariya mai tsanani za ta share ba tare da ta san ta share kome ba. Har ila yau, a 2006 Jessica Fridrich da abokan aikinta a jami'ar Binghamton sun nuna cewa kowane faranti yana da nasa tsarin ɗan aibi wanda yake bari a duk hoton da ya ɗauka, har a iya gane kyamarar da ta ɗauki hoto ta wurinsa, kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa. Ashe wani ɓangare na abin da muke kira datti isnadin hoton ne.

Akwai mai cewa, ai idon mutum ma haka yake yi, me ya sa za a tuhumi na'ura da abin da aka yafe wa ido? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya tabbatar a Kitabul Manaziri cewa gani ba saukar haske a ido kaɗai ba ne, akwai ƙiyasi na ɓoye da rai ke yi cikin sauri yana gwada abin da ya gani da abin da ya sani a da, ya kuma lissafa isasshen haske da isasshen lokaci cikin sharuɗɗan da in suka yi rauni gani ke kuskure. Na yarda da wannan duka, har ma ina ƙarawa da cewa mu da muke ganin tsagar kakata a cikin hazon hoton nan, rabinta daga ƙwaƙwalwarmu muke ɗauko ta. Sai dai bambanci biyu ne ban ga yadda za a tsallake su ba. Mahaifiyata in ta cike gurbi, da sanin Inna take cikewa, wadda ta goya ta, ta yi shekara sittin tana kallon fuskarta; manhaja kuwa da fuskokin baƙi take cikewa, waɗanda ba su taɓa taka Gobir ba. Sa'an nan kowa ya san tunani tunani ne, in tsohuwa ta ce tana tuna abu kaza mai ji yana ajiye wa maganar gurbin mantuwa, hoto kuwa zuwa yake da rigar wanda ya halarta ya gani, kuma gwargwadon yadda ya fita tas gwargwadon yadda ake sakin jiki da shi. Hoto mai tsaki yana gaya wa mai kallo iyakar abin da ya sani, yana cewa nan na gani sosai, nan kuwa duhu ya rinjaye ni. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48 ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, wannan kuwa bai rage masa daraja ba, shi ne ma ya sa aka amince da sauran 16 ɗin. Manhajar da ba ta iya barin gurbi ba ta raba hoto da wannan ɗabi'a.

Abin da na tsaya a kai, Allah ne Masani, shi ne hukuncin yana bin abin da aka ajiye hoton dominsa da abin da mai kallo zai fahimta. Wanda ya ɗauki hoton faɗuwar rana a bakin gulbi don ya rataya a ɗaki, ya tace shi yadda ya so, ado ne, Allah kuma Yana son kyau. Amma hoton da za a sayar da shadda ko mota ko gida da shi, ko a aika wa mai neman aure, ko a ajiye gaban alƙali, ko likita ya duba, ko a buga a jarida, wannan ya shiga babin shaida da ciniki, kuma Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Laifin mai abincin ba jiƙewar ba ce, ruwan sama ne ya jiƙa, laifinsa ɓoyewa. Masu aikin jarida na duniya ma sun iso wannan matsaya ta tasu hanyar, domin a gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe bayan an gwada su da ɗanyen asalinsu an ga an ƙara ko an rage. Don haka wanda ya gyara ya ajiye asali kada ya shafe shi, ya faɗi cewa ya gyara, in kuma na'ura ce ta cike gurbi daga abin da ta koya a wani wuri, ya faɗi wannan ma da sunansa, kamar yadda mai kwafin littafi ke rubuta nasa a gefe.

Bayan kwana biyu na kira yaron, muka zauna a zaure na karanta masa ƙissar Sabitu, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kawu, to a bar shi yadda yake ke nan?" Na ce a'a, a rage abin da muka tabbata ba nata ba ne. Ya buɗe asalin a wata manhaja wadda ba ta ƙirƙirar kome, ya kwashe ja da koren nan kusan duka, ya taɓa sauran kaɗan, ina gefensa ina kallon kuncin hagu, da na ga layukan sun fara narkewa na ce ya koma baya, ya koma. Hoton da ya fito bai kai na farko haske ba, bangon yana nan da tsakinsa, gefen mayafin ya shige cikin duhu. Ya ajiye shi tare da asalin a wuri ɗaya, ya rubuta a ƙarƙashinsa abin da aka yi masa da ranar da aka yi. Da magariba muka kai wa mahaifiyata, ta sa tabarau, ta ɗora ɗan yatsa a kan gilashin wayar tana bin tsagar ɗaya bayan ɗaya tun daga gefen baki har kusa da kunne, tana ƙirgawa a hankali, da ta kai ta ƙarshe sai ta ce wa jikan nata ya fitar mata da shi a takarda, babba, kafin azumi.